Yatsa Huɗu Tsakanin Safiya da Ƙasa

Tun ranar da na dawo daga Abuja ina jan ƙafar hagu, malaman makarantarmu ba su bar ni na sha ruwa ba. Malama Binta ta baza cewa matakalar nan mai tafiya da kanta ce ta kayar da ni a wani babban kanti. Malam Idi mai lissafi ya ce ai tsinin takalmi ne, wai na je na ari na 'yan birni. Har mai sayar mana da awara a bakin get ta yi min jaje, ta ce ta ji an ce mota ce. To, ba matakala ba ce, ba takalmi ba ne, ba kuma mota ba ce. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a ofishin malamai, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata, in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rakiya, ni ce malamar wasannin motsa jiki a wata firamare ta 'yan mata a Tudun Wadan Zariya. Bayan an tashi daga makaranta ina da yara takwas da nake koya wa jimnastik, wato wasan nan na alkafura da tsayuwa a kan hannu da lanƙwasa jiki. Kayan aikinmu katifa biyu ne da benci ɗaya mai gajeriyar ƙafa. A cikin yaran akwai Safiya, 'yar shekara tara, 'yar Malam Sani tela. Shiru-shiru ce, sai ta yini ba ka ji muryarta ba, amma in ta hau katifa har masu shara sukan jingine tsintsiya su tsaya kallo. Ita ce nake alfahari da ita, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Saura mako uku a zo zaɓen yaran da za su wakilci shiyyarmu, kuma cikin abin da ake dubawa akwai ware ƙafa, ɗaya gaba ɗaya baya, har cinya ta kwanta a ƙasa. Da hannuna nake aunawa. A da yatsa biyu ne ya rage tsakanin Safiya da ƙasa. Sai ya koma uku. Sai ya koma huɗu. Kullum ina ƙara dannawa, kullum yarinya tana ƙara tashi sama.

Hanyata ta miƙa jijiya kuwa gado ce. A kwalejin horon malamai na koye ta, wajen wani tsohon soja da muke kira Saje, Allah ya jiƙansa. A wajensa jijiya kamar sabon takalmi ce, sai an matsa mata take buɗewa. Yarinya ta ware ƙafa, in tsaya a bayanta, in ɗora hannu biyu a ƙugunta, ina dannawa ina saki, ina dannawa ina saki, har sau goma. Kuma ni ba azzaluma ba ce, duk dannawa sai na tambaya, "Da zafi?" Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ba yarinyar da ta taɓa ce min e.

Ana cikin haka Malam Sani ya zo makaranta, tef ɗin awo a rataye a wuyansa. Ya ce, "Malama, yarinyar nan tafiyarta ta canza. In wasan nan ne, a bar shi haka." Na kira Safiya a gabansa na ce, "Safiya, akwai inda yake miki ciwo?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu, Malama." Na dube shi da irin kallon nan na ka ji da kunnenka. Ya ce to, ya ba mu zuwa ƙarshen wata, in tafiyar ba ta daidaita ba zai cire ta, ta zauna gida ta koyi yankan atamfa.

A makon ne takarda ta zo cewa za a yi taron bita na kwana uku a Abuja, a kan kwatanta hanyoyin miƙa jijiyar yara masu jimnastik. Shugabar makarantarmu ta karanta taken sau biyu, ta ce ita ba ta san ana taro a kan miƙa ba, ta ɗauka in an tashi daga barci kawai ake yi. Ta sa hannu ta ce in tafi. Ni kuwa abin da na tafi nema ɗaya ne: dabarar dannawa wadda ta fi tawa ƙarfi, in rufe yatsa huɗun nan kafin ranar zaɓe.

Darasin farko a mota na samu. Layin da aka yi don mutum uku aka zuba mu huɗu, ni a tsakanin buhun albasa da wani Alhaji ɗan Kano mai shago a Abuja, wanda Allah ya yi wa yalwar jiki kuma bai ga dalilin takura ta ba. Ƙafata ta dama tana ƙarƙashin kujerar direba, ta hagu ban san inda take ba sai da muka wuce Kaduna. Hanyar kuwa kun san ta, ana gyaranta tun ina budurwa. A bi wannan hannu, a tsallaka wancan, a dawo. Can direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, kuna jin daɗin zaman dai ko?" Mu huɗu muka haɗa baki, "Lafiya lau." Da muka tsaya cin abinci a Tafa sai da wata mata ta kama ni na sauka, don ƙafar ta mutu murus. Na ci soyayyiyar doya a tsaye da ƙafa ɗaya, ina yi wa direba sannu da tuƙi.

An ce ba iyaka tsakanin jiha da jiha, amma duk wanda ya shiga Abuja ta Zuba ya san akwai. Tun daga nesa direba ya ɗaura bel ɗin da bai taɓa ba tun Zariya, ya gyara hula, ya goge gilashi da hannun riga. Masu kaki kala-kala suka fara bayyana, kowane kala da abin da yake nema a jikin mota. Alhajin da muka taho yana ta Kananci da ni ya ɗaga waya, sai ga Turanci, har muryarsa ta sirance. Daga ƙarshe direba ya faka ya ce mu sauka, nan ne iyakarsa, motarsa ba ta da tufafin shiga gari.

Masaukina gidan ƙanwata Jamila ne a Gwarinpa. Wanda ya zana unguwar nan gida ɗaya ya iya, sai ya yi ta maimaita shi. A Tudun Wada in ka ce gidan wane, mutum uku za su raka ka, na huɗu ya ba ka tarihin gidan. A Gwarinpa na buga ƙofar gidan da ke jingine da na Jamila, matar gidan ta leƙo ta ce ba ta san mai wannan suna ba. Shekara shida suna katanga ɗaya. Da na samu gidan, sai da maigadi ya buga waya ciki aka tabbatar cewa lallai ni yayar matar gidan ce, ba mai talla ba.

Jamila ta rungume ni ta ce, "Yaya, kin ƙara ƙiba." Ita kuwa tana rage tata, don haka abincin yamma ganye ne a faffaɗan faranti, da ɗan tumatir a gefe. Na cinye tas ina jiran abinci, ashe shi ke nan. Washegari da ta ga fuskata ta sa aka kawo tuwo daga wani gidan abinci, kowace malmala a ɗaure cikin leda, da cokali mai yatsu a gefe. Na wanke hannu na ci abina.

Abin da ya fi tsaya min a rai a gidan, 'yarta ce Nana, 'yar shekara bakwai. Na zaunar da ita zan gyara mata kitso, ina kama gashin ke nan ta juyo ta dube ni tsakiyar ido ta ce, "Anti, da zafi. Ki daina ja." Na saki baki. Na ce wa Jamila, "Haka kuke tarbiyya a nan? Mu a gidanmu ko kunne ake huda miki kin isa ki ce uffan?" Jamila ta ce a makarantarsu haka ake koya musu, in abu ya yi ciwo su faɗa. Na ce Allah ya kyauta, na kitse kan da ƙarfina yadda aka kitse nawa.

Motar maigidan Jamila tana Apo wajen bakanike tun kafin azumi, kullum ana cewa gobe, don haka tasi na hau zuwa wajen taro. An rubuta ƙarfe tara. Mu kusan arba'in, daga jihohi daban-daban, muka zauna a wani babban zaure mai sanyi kamar cikin firij, muna jiran babban baƙo. Ya iso bayan azahar, ya yi mana jawabi mai tsawo a kan ƙwallon ƙafa, wani ya raɗa masa a kunne, ya ce da ma duk wasa wasa ne. Aka tafa, aka yi hoto, aka raba jaka mai tambari. Rabin yini ke nan ba wanda ya miƙa ko ɗan yatsa.

Masu koyarwa uku ne, kowa da ɗarikarsa. Ta farko Dakta Maimuna, daga wani ofishi, cikin leshi da ɗaurin kai mai hawa biyu da takalmi mai tsini. Hanyarta ita ce a miƙa a tsaya. Ta ce kada a taɓa miƙa jikin yaro yana sanyi, sai ya yi gudu ya yi gumi. Sannan ya shiga miƙar a hankali har ya ji jijiya ta ɗan ja, ya tsaya nan, a ƙirga talatin, yana numfashi, ba girgiza ba dannawa. Wani malami daga Bauci ya ce, "Dakta, ko za a gwada mana?" Ta nuna hoton wata Baturiyar yarinya a bango ta ce ga shi nan. Ana haka aka ɗauke wuta, hoton ya tafi, ilimin ma ya bi shi. A raina na ce wannan ai hanyar malalata ce, yaro ya zauna yana ƙirga, malami yana kallo, to albashin na mene ne?

Rana ta biyu da safe aka kawo Koci Bose, ƙatuwar mata, tsohuwar mai ɗaga ƙarfe, usur a wuya. A bariki ta tashi, Hausarta ta can ce. Tana buɗe baki na ji kamar Saje ne ya dawo duniya da ɗankunne. Ta ce, "Yarinya ba ya karyewa. Ka danna shi yau ya yi kuka, gobe shi ne zai kawo maka kofi." Na tafa har hannuna ya yi ja. Dakta Maimuna ta ce wannan hanya an daina yayinta. Koci Bose ta ce, "Oga madam, yara nawa ka taɓa koya?" Zaure ya rabu biyu, masu ƙirge da masu danne. Ni kuwa bakina bai iya zama ba. Na miƙe na karɓi makirfo na ce, "Shekara goma sha ɗaya ina dannawa, kuma kullum ina tambaya. Ba yarinya ɗaya da ta taɓa ce min da zafi." Aka tafa min, na zauna ina jin kaina.

Da rana sai ta uku, Mama Laraba, 'yar gajeriyar dattijuwa daga Bwari, ma'aikaciyar gashin ƙashi ce da ta yi ritaya. Ba ta zo da na'ura ba, da yara mata huɗu ta zo, cikin wanduna da suka koɗe. Ta sa su gudu suka zagaye zaure, sannan suka riƙa tafiya suna wurga ƙafa gaba da gefe, kaɗan-kaɗan, tana ƙara tsawo. Ta ce wannan miƙar cikin motsi ita ce ta kafin wasa, ta Dakta ta tsayawa kuma ta bayan wasa ce, lokacin da jiki ya yi laushi. Sai ta nuna ta ukun da ta kira tura-ki-saki. Yarinya ta kwanta rigingine, Mama ta ɗaga mata ƙafa ta ɗora a kafaɗarta, yarinyar ta tura kafaɗar da ƙafa ana ƙirga shida, ta saki, sai ƙafar ta ƙara tafiya da kanta ba wanda ya matsa mata. Duk wannan abin da ake, yaran waƙa suke yi, wata 'yar waƙar Gwari mai amshi, ba su yi shiru ba ko sau ɗaya. Na raɗa wa ta kusa da ni cewa mun zo bita an kawo mu dandalin gaɗa.

Rana ta uku aka ce kowace ɗarika ta gwada hanyarta a kan mutum, a gani da ido. Koci Bose ta nufi yaran Mama Laraba. Mama ta tare gabansu, kanta bai kai kafaɗar Koci ba, ta ce, "Yarana ba a danna su." Koci ta juyo wajenmu ta ce to malami ɗaya ya fito. Zaure ya yi tsit, kowa ya samu abin dubawa a wayarsa. Sai malamin nan na Bauci, Allah ya saka masa, ya ce, "Ai ga Malama ta Zariya, ita da ta ce ba zafi."

Ba yadda zan yi. Da ma da wando a ƙarƙashin hijabina. Na hau katifa, ba gudu ba gumi, a cikin sanyin zauren nan, ni da rabona da ware ƙafa tun kafin haihuwar autana. Wayoyi suka tashi sama. Na kai ƙafar hagu gaba, ta dama baya, na sauka iya inda zan iya, wanda tsakanina da ƙasa akuya za ta wuce. Koci Bose ta ɗora hannu a ƙuguna.

Dannawar farko na ji jijiyar bayan cinyata ta ja. Ta biyu na ji kamar an ɗora min dutsen guga. Ta sunkuyo ta ce, "Akwai zafi?"

Wallahi ban shirya yin ƙarya ba. Bakina ne ya riga ni. Na ji shi yana cewa, "Babu."

Mutum arba'in suna kallo, jiya na cika baki, ga Koci babba ce a aikin, ga ni 'yar gidan da ake haihuwa ba a ji muryarki a tsakar gida ba. Ta yaya zan ce da zafi? Ta danna ta uku, ta huɗu. A ta biyar na ji wani abu ya ce ɗas a bayan cinyar hagu. Idona ya kawo ruwa. Ta sake tambaya, na sake cewa, "Babu komai," har da ɗan murmushi.

Muryar Mama Laraba na ji a kaina tana cewa, "Ɗaga ta. Matar nan ta daina numfashi tun dannawa ta biyu."

Ita da Koci suka kai ni wani ɗan ɗaki a gefe. Koci Bose duk ta rikice, tana ta cewa, "Amma na tambaye shi, ya ce babu." Ban ga laifinta ba. Ita ta je ta kwaso ƙanƙara daga kular lemon manyan baƙi ta ƙulla a leda. Mama ta ɗora min a cinya, ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta bar ni na gama share ido.

Ta ce, "Malama, me ya sa kika ce babu?"

Na ce, "Mama, ai ba a cewa."

Ta ce, "To. Yaranki na Zariya, 'ya'yan su wa ne?"

'Ya'yan gidaje ne irin namu, inda ba a cewa. Ƙanƙara tana cinyata amma a ƙirjina na ji sanyin. Na ba ta labarin Safiya tun daga yatsa biyu har zuwa huɗu, da zuwan babanta. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta ce jijiya in aka fizge ta da ƙarfi ƙanƙamewa take yi don ta kare kanta, in kuma ta ji rauni sai ta ƙara ɗaurewa, shi ya sa nake dannawa yarinya tana tashi. Ta ce in daina taɓa ta, a kai ta asibiti a duba, zaɓen bana kuma in cire shi daga raina.

Na ce, "To waƙar fa?"

Ta yi dariya ta ce, "Kin ce gaɗa muke yi, na ji ki. Mu ma a Bwari yaro ba ya ce wa babba da zafi. Na yi shekaru a asibiti ina tambaya ana ce min babu. Sai na daina tambaya. Yaro zai iya riƙe bakinsa, amma ba zai iya waƙa yana riƙe numfashi ba. In waƙa ta tsinke, na tsaya."

A wajen rufe taro aka karanta takardar bayan taro, wadda ta ce duka hanyoyin uku suna da kyau, kuma an kafa kwamiti da zai duba wacce ta fi. Babban baƙo bai samu zuwa ba, ya aiko wakili, wakilin ma ya aiko wakili. Na karɓi satifiket ɗina ina dafa kujera. A gida Nana ta ga ina ɗingishi ta ce, "Anti, da zafi?" Na buɗe baki zan ce babu, na rufe. Na ce ta kawo kanta in sassauta mata kitson nan.

A hanyar dawowa aka sake zuba mu huɗu a layi. Mun wuce Zuba direba ya leƙo ta madubi ya yi tambayar da aka saba. Ukun suka ce lafiya lau. Na ce, "Ni dai ƙafata tana ciwo." Motar ta yi shiru kamar na yi ashar. Wata tsohuwa ta juyo ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa. Direba ya faka, ya roƙi wani saurayi da ke gaba ya koma baya, na zauna na miƙe ƙafata har Zariya. Shekarata arba'in da uku, ban san abin yana da sauƙi haka ba.

Ranar Litinin bayan an tashi na sallami sauran yaran, na ce Safiya ta tsaya. Ta nufi katifa za ta ware ƙafa kamar kullum. Na ce a'a, zo nan. Muka zauna a bencin nan mai gajeriyar ƙafa. Ban tambaye ta komai ba. Na ce, "Safiya, a Abuja an danne ni irin yadda nake danne ku. Aka ce da zafi, na ce babu. Ƙarya na yi. Da zafi sosai, har na yi kuka a gaban mutane. Nan ne wajen." Na nuna mata bayan cinyata.

Ta dubi inda na nuna. Can ta ɗaga hannu a hankali ta ɗora ɗan yatsa a bayan cinyarta ta dama, can sama, ta ce, "Nawa nan ne."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kafin hutun Sallah."

Wata biyu da ɗoriya ke nan. Kullum cikinsu na ɗora hannuna a ƙugun yarinyar nan na danna sau goma. Na ce, "Me ya hana ki faɗa min?"

Ta ce, "Kin ce ni ce jarumarki."

Na faɗa, kuma a gaban sauran yaran nake faɗa, kullum. Kunyar da na ji a Abuja ba komai ba ce a kan wadda na ji a bencin nan.

Da kaina na kai ta shagon babanta, tana ɗingisa dama ina ɗingisa hagu, mutanen layi suna kallonmu. Na ce, "Malam Sani, kai ne da gaskiya. Wasan ne, kuma hannuna ne. In ka cire ta ban ga laifinka ba." Ya tsayar da keken ɗinki. Sannan ya ce, "Ni ma na tambaye ta a gida, Malama. Sau uku. Ta ce min babu." Ya juya wajen 'yarsa ya ce, "Ke, kina son wasan nan ko ba kya so? Gaskiya za ki faɗa min." Ta ce tana so, da muryar da sai ka matso za ka ji. Ya ce to a je asibiti tukuna, in ta warke ta koma, amma duk ranar da aka sake danna masa 'ya, shi da kansa zai zo ya naɗe katifun.

Likita ya ce jijiyar ta ji rauni amma ba ta tsinke ba, hutun mako shida, sannan a fara a hankali. An yi zaɓe ba Safiya. Da aka kira sunayen waɗanda suka samu ta yi kuka, kuma na bar ta ta yi, ban ce mata jaruma ba.

Yanzu in kun bi ta bayan ajin 'yan shida da yamma kuka ji waƙa, mu ne. Yara bakwai suna gudu, suna wurga ƙafa, suna tura-ki-saki, Safiya tana kan benci tana ba da waƙa suna amsawa. Malam Idi ya ce na je Abuja na koyo gaɗa. Ban kula shi ba. Jiya na zauna kusa da ita na miƙe ƙafata a kan bokiti, ita ma tata a miƙe. Ta saci kallon cinyata ta ce, "Malama, da zafi?"

Na ce, "Da zafi. Naki fa?"

Ta ce, "Da zafi, amma ya ragu."